Lahadin da Na Fita Teku

Zuwa ga Marsaili, hasken gidana, fitilar da ake ajiyewa a taga in kwale-kwale ya yi yamma bai dawo ba, idon ruwan daɗi mai ɓuɓɓugowa a tsakiyar gaɓar gishiri, furen rairayi mai leƙowa bayan sanyi ya gama cin ƙasa! Ya matar da na sani fiye da tafin hannuna, wadda yau kwana uku ban ga ko inuwarta ba! Gaisuwa daga mijinki Tormod, wanda duk tsibirin nan ke kira Gurgu, amma ke kaɗai ce in kin faɗi sunan sai in ji kamar an shafa mini mai a ƙafar.

Kin tuna shekarar da nakiyar ruwa ta gangaro gaɓa ta fashe, ta zubar da gilasan coci kaf, har kajin tsibirin nan suka yi mako ba su yi ƙwai ba? Har yau da ita ake lissafi. Wance an haife ta kafin nakiya, wane ya yi aure bayan nakiya. To ni ma daga nan zan ɗauko zancen, don a shekarar ce sojojin sama suka kafa sansaninsu a filin rairayi na kudu, kuma a ƙarshenta na aikata abin da ya sa yau kike zaune a gidan ƙanwarki.

Ki yi haƙuri da rubutun. Ke kika koya mini shi, kin kuma san ɗalibin da kika samu. Ina da shekara saba'in da biyu, wannan ce wasiƙar farko da na taɓa rubutawa. Tun safe nake kanta da gilashin karatunki da kika manta a kan taga, hancina manne da takarda. Da bakina zai iya, da ban wahalar da hannuna ba. Amma bakin nan kin ga abin da ya yi ranar Laraba.

Ranar Laraba kin shiga rumfar kayan kamun kifi neman tsohon tamfol na rufe kaji. Kika ɗaga akwatin ƙugiyoyi, kika ga ƙunshi a ƙarƙashinsa. Na shigo gida na tarar kin shimfiɗa shi a kan tebur: mayafin wuya na shuɗin ulu, gishiri ya cinye gefensa, ga jan zare ɗaya ya ratsa shi daga wannan baki zuwa wancan. Wace mace ce ba ta gane saƙar hannunta? Kika zuba mini shayi kamar kullum. Kika ce, "Tormod, wannan a wuyan Gillis na ɗaura shi ana gobe jirginsu zai tashi. Daga ina ka samo shi?" Na dubi shayin. Kika ce, "Da kai nake, maigida." Na dubi bango. Kika ce, "Shekara arba'in da ɗaya ina kwana kusa da bakin nan, ashe a kulle yake ban sani ba." Kika ɗauki rigar sanyinki kika fita, kika ja ƙofar a hankali. Ina ma kin buga ta! Da kin buga ta, da na san akwai sauran wuta.

Sau biyu na zo ƙofar Peigi. Ranar Alhamis ta tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ta, ta ce, "Gurgu, ja ƙafarka ka koma inda ka fito, yayata ba ta karɓar baƙi." Na ce, "Peigi, baƙo nake a wurin matata? Matsa mini, ke da bakinki ya kai maza biyu kabari." Ta ce, "Gara su, ai da sun mutu an san inda aka binne su." Wannan ta same ni, Marsaili. Jiya kuwa ko faɗan ba ta yi ba, shi ya fi tsorata ni. Cewa ta yi, "Ta ɗaure akwatinta. Jirgin fito na Litinin za ta bi, ta tafi Glasgow wurin 'yarku Mairead, kuma ban ji ta ambaci ranar dawowa ba." Yau Asabar. Tsakanina da rasa ki saura yini ɗaya tak, yinin kuwa Lahadi ne. Dubi yadda Ubangiji yake tsara abinsa! Da Lahadi na ɓata, Lahadi kaɗai aka bar mini in gyara.

Bari in faɗa miki daga farko, yadda ya faru, ba ragi.

Kin san yadda nake a lokacin. Duk sa'o'ina sun tafi yaƙin Jamus a jiragen ruwa, ni aka dubi ƙafata aka ce in koma gida in kula da tumaki. Ina son ki tun kina tsinto itacen da teku ke kawowa gaɓa da ƙafa ba takalmi, amma me gurgu mara boko zai ce wa 'yar da ta fi kowa karatu a makaranta? Sai ga su sun zo, samari masu shuɗayen kaya, suna tashi da manyan jiragen bama-bamai suna sintiri a kan teku, suna farautar jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. A cikinsu akwai Lachie Gillis, ɗan Kanada, mai riƙe bindigar wutsiyar jirgi. Ranar da ya shigo kanti ya gaida tsofaffi da harshenmu, irin na kakanni wanda ko mu mun fara mantawa, tsohuwar mai kanti sai da ta fashe da kuka. Kakanninsa daga tsibiran nan aka kore su. Ni kuwa na ga yadda kika ɗago kai kika dube shi, na san tawa ta ƙare.

Kuma abin haushin, ban iya ƙin sa ba. Yakan zo gaɓa ya tarar ina gyaran tarkon ƙaguwa, ya ce, "Tormod, ka ba ni ƙafar nan taka in ba ka tawa, kai ka je ka zauna a wutsiyar jirgi awa goma sha biyu sanyi ya cinye maka gindi." In ce, "Riƙe kayarka, ɗan Kanada, ni ba na hawa abin da in ya gaji ba a iya ɗaure shi a dutse." Ya yi dariya har ya riƙe ciki. Mutumin kirki ne. Na faɗa, na kuma rubuta, ga shi nan.

Ranar Asabar ta ƙarshen watan goma na ga sararin yamma ya yi jan da ba na so, tsuntsayen teku suna shigowa tudu. Na san babbar iska na tafe nan da Litinin. Tarkunanmu ashirin da huɗu suna bayan Haƙoran Kare, duwatsun nan na arewa, ni na yi sakaci ban kwashe su ba. Na Baba ne, da hannunsa ya saƙa su. Kin san Baba. Dattijon coci ne wanda ko reza ba ya taɓawa ranar Lahadi, ruwan sha ma tun Asabar ake ɗebo shi. Shekara guda kafin nan, da bakinsa ya tsayar da Calum mai jan gemu a coci a gaban jama'a don ya kwashe ciyawarsa ranar Lahadi kafin ruwa ya sauko. Wata shida ba wanda ya amsa gaisuwar Calum. Ina zaune a wurin, na ga fuskarsa.

Da safiyar Lahadi na ce ƙafata ta tashi, ba zan iya takawa coci ba. Da na ga bayanku duka kun shige, na sulale ta bayan garken tumaki, na tura kwale-kwale.

Teku kwance take lumui kamar an zuba dalma, hazo yana tasowa daga arewa. Na ja tarko tara, hannuna na kan igiyar na goma, sai na ji kukan jirgin sama. Ba irin kukan da muka saba ji ba ne in suna dawowa, wannan tari yake, ya ɗauke, ya sake kamawa. Ya fito daga cikin hazo ƙasa-ƙasa, fiffikensa ɗaya na fitar da baƙin hayaƙi, har na ga harafin da ke jikinsa, ni da ban san harafi ba. Yana neman tsibiri, Marsaili. Gida yake nema. Saura mil uku. Fiffiken ya taɓa ruwa, jirgin ya juya kamar an murɗe wuyan kaza, ruwa ya tashi sama fari fat. Kafin in ƙirga hamsin ba komai a wurin. Ku kuwa kuna cikin coci kuna rera Zabura, iska na busowa daga tudu, ba wanda ya ji ko ƙis.

Abin da ɗan masunta ke yi ba tare da tunani ba, shi na yi. Na tuƙa har kan wurin da man jirgi ke tasowa, na ɗaga kai na ɗauki alamu, yadda ake yi in an sami ramin kifi a buɗaɗɗiyar teku. Ga su, ki riƙe su, ban taɓa faɗa wa mai rai ba. Ta farko: bututun hayaƙin kangon gidan Ruairidh ya zauna daidai ƙarƙashin tsagar babban tudu. Ta biyu: ƙusurwar rufin coci ta leƙo kaɗan daga bayan dutsen nan Baƙin Hanci, kamar faɗin ɗan yatsa. Inda layukan nan biyu suka haɗu, nan suke kwance, zurfin gaba ashirin da biyu a ƙarƙashin ruwa. Kin ji? Cocin da na guje wa, shi ne alamar kabarinsu.

Mayafin yana yawo a kan man. Na sa filafili na ɗauko shi, na ga jan zaren, na san na waye, don a gabana kika saƙa shi a gidan Peigi kina waƙa.

Yanzu ga wadda ta fi nauyi. Hannuna ya tsaya a nan har shayina ya huce.

Na ji usur. Irin wanda suke ratayawa a wuyan riga don in sun faɗa ruwa. Daga cikin hazo, can wajen arewa maso gabas, siriri kamar kukan ɗan tsuntsu. Sau uku na ji shi. Akwai wanda ya fita da rai, Marsaili. Ban san ko wane ne a cikin su bakwai ba, ba kuwa zan taɓa sani ba. Na tuƙa wajen sautin, na yi ihu da harshenmu, na yi da ɗan Turancin da na iya. Hazo ya rufe ni har ban ga ƙarshen filafilina ba. Na tuƙa har fatar tafin hannuna ta saɓule ta manne a itace. Na kira sunansa har muryata ta dishe. Usur bai sake kuka ba. Da ruwa ya fara janyewa, igiyar teku na neman ta kai ni kan Haƙoran Kare, sai na juya gida.

Har nan, in aka tsayar da ni gaban Ubangiji, ina da abin cewa. Daga nan ne ba ni da shi.

Na iso kafin sujadar yamma. Baba ya dube ni ya ce, "Ina ka shiga, yaro?" Na ce, "Garke na kwanta, Baba, ƙafar ce." Ya ce, "Me ya sami hannunka?" Na ce, "Igiyar rago ce ta zare." Ya ce, "Ko rago bai kamata ka ja ba yau." Da a lokacin na buɗe baki! Sansanin na da jirgin ruwa mai gudu na ceto, da awa ɗaya ya kai shi wurin, da sauran hasken rana. Amma na dubi idon Baba, na tuna fuskar Calum, na haɗiye.

Ranar Litinin da safe na ja ƙafata mil shida har ƙofar sansanin, iska ta riga ta fara. Na ji ana cewa saƙonsu na ƙarshe daga can yamma ya zo, mil ɗari biyu, can aka tura masu nema. Mai gadin ƙofa ya ce, "Kai kuma fa, me ke tafe da kai?" Maganar tana kan harshena, Marsaili, ina jin ɗacinta. Na ce, "Ƙwai na zo tambaya ko kuna so." Ya ce, "Yau ba ranar ƙwai ba ce, aboki." Na juya. Iskar ta yi kwana uku tana kaɗawa. Duk wanda ya busa usur ɗin nan, ita ta gama da shi, da ita da shiruna.

Na san tambayar da ke cin ki a gidan Peigi, don ni ta ci shekara arba'in da takwas. Tsoron Baba ne ya kulle mini baki a ƙofar sansanin, ko kuwa son ki? Shin akwai wani lungu a zuciyata da ya ce, in ɗan Kanada bai dawo ba, wataƙila wata rana ta dubi gurgu? Da zan iya rantse miki cewa babu, da na rantse. A kan ruwa, na sani, don shi na tuƙa, da na gan shi da na ba shi wurina a kwale-kwale. Amma a ƙofar nan, ban sani ba. Na auna, na sake aunawa, ina jan tarko ina aunawa, ina yankan lakar hura wuta a fadama ina aunawa, ma'aunin bai taɓa tsayawa ba. Ba zan yi miki sabuwar ƙarya don in rufe tsohuwa ba.

Shekara bakwai kina fita Doguwar Gaɓa da yamma kina kallon inda rana ke faɗuwa. Ni ina kan tudu da tumaki ina kallon ki. Kina duban yamma, shi kuwa yana arewa, mil uku daga ƙofar gidan mahaifiyarki! Wace irin azaba ce ban sha ba a tudun nan? Wace irin azaba ce kuma ta kai wadda na bar ki a ciki? Kin tuna da aka ce a tara musu duwatsu na tunawa, kowa ya ce a kan Doguwar Gaɓa, ni kaɗai na kafe sai tsinin arewa? Fasto ya ce, "Tormod, yamma suka ɓace." Na ce, "Ranka ya daɗe, arewa zan kai nawa dutsen, wanda ya ga dama ya biyo ni." Aka ce taurin kan Gurgu ya motsa. Ni kaɗai na ɗauke su a baya, dutse bayan dutse, har aka gaji aka taya ni. Yanzu kin san dalili.

A wurin duwatsun nan kika same ni ranar cikar shekara ta biyar, ina kiran sunayensu da ka. Hollis matuƙi. Pryce mai waƙa. Tarrant. Wedlake. Maddern ɗan Ostareliya, wanda bai daina zagin sanyinmu ba har ya tafi. Sorley. Gillis. Kika tsaya a bayana ban sani ba, iska na wasa da gashinki mai launin ciyawar kaka. Kika ce, "Kai kaɗai ka rage kana kiran su, Tormod." Na ce, "Ai wani ya kamata ya kira." Kika ce, "In ka mutu fa? Zo in koya maka rubuta su." Kika kawo allon makarantarki. Sauran mutane da sunan kare da kyanwa suka fara karatu, ni da sunayen matattu bakwai na fara. Kika kama hannuna kina jan sa a kan allo, kina cewa, "Wannan hannu ne ko ƙugiya? Sassauta, ba tarko kake ja ba!" Ɗumin yatsunki a bayan hannuna, ranar nan! Da teku ta buɗe ta haɗiye ni a lokacin, da na tafi ina murmushi. Kika juya tafin hannuna kika ga tabon, kika ce, "Wannan fa?" Na ce, "Igiyar rago." Ƙarya ta biyu ke nan da na yi da rago ɗaya.

Na sani don amanar da kika ga ina riƙe wa matattu kika aure ni. Kin ga mutum mai tunawa, ba ki san mai laifi ne ke zagaya wurin da ya yi ɓarna ba. Sau nawa na buɗe baki in faɗa miki? Ranar aurenmu. Ranar da aka haifi Mairead. Ranar da muka binne Baba, na ce to yau wanda nake tsoro ya tafi. Sai na tarar tsoron ya sauya gida, ya bar fuskar Baba ya koma taki. Da can kunyar coci nake ji, daga baya rasa ki nake tsoro, wannan kuwa ya fi wancan sau dubu.

Amma ki ji wannan, ya sanyin idona, ko da shi ne na ƙarshe da za ki karanta daga hannuna. Laifin gaskiya ne, son ma gaskiya ne. Ba da ƙarya na riƙa ɗumama miki gefen gado da dutse mai zafi duk sanyin duniya ba. Ba da ƙarya na tuƙa ki cikin iska zuwa wurin likita kina naƙuda ba. Ke ce tudun da nake dubawa in na ɓace a ruwa. Ke ce ƙamshin gurasa mai zafi in na shigo jiƙe, ke ce rana ta farko bayan wata uku na duhu, ke ce kukan dinyoyi in sun dawo da bazara suna shaida wa tsibiri cewa bai mutu ba. Kwana uku ke nan wutar murhu na ci, amma gidan sanyi ƙalau. Kare ya ƙi cin abinci, yana kwance a kan takalmanki. Agogo na bugawa, ban san wa yake faɗa wa lokaci ba. Ina zan sa kaina, Marsaili? Wa zai ce mini, "Tsoho, cire takalmin nan kafin ka taka mini ɗaki"? Wa zan yi wa gardama a kan ko ruwa zai sauko? Tsohon kwale-kwale in aka cire masa ƙusar gindi, sai ya yi kwana nawa a kan ruwa?

Ba na ce ki yafe mini ba. Wannan ba abin da ake roƙo ba ne a takarda, kuma ba ke kaɗai ke da shi ba, akwai uwaye bakwai da suka mutu ba su san inda 'ya'yansu suke ba. Abu ɗaya nake roƙo.

Duk shekara, in ranar ta zagayo, bayan an watse daga wurin duwatsu, nakan ce miki zan duba tarko. Can nake zuwa. In daidaita alamun biyu, in tsayar da kwale-kwale a kansu, in kira sunayen yadda za su ji. Shekara biyu ke nan ban iya ba. Yanar idon nan ta rufe mini nesa. Ina ganin tudu kamar inuwa, amma bututun gidan Ruairidh da ƙusurwar coci sun ɓace mini. Bara na yi awa uku ina zagaye a ruwa kamar makahon rago, na kira sunayen a inda ban tabbata ba, na dawo na ce miki ƙaguwa ba ta kama. Bututun ma ya tsage tun iskar hunturun da ya wuce, wani sanyin ɗaya zai kai shi ƙasa. In ya faɗi, ni ma na faɗi, shi ke nan, sun ɓace karo na biyu, kuma wannan karon ba mai nemo su. Na rubuta miki alamun a sama, amma alama ba a takarda ake koyon ta ba, sai an zauna a ruwa an ga yadda take haɗuwa.

To ga abin da zan yi gobe da safe. Zan sa baƙar kwat ɗina ta jana'iza, in tafi coci. In an gama Zabura ta farko zan miƙe a inda Calum ya tsaya, in faɗa musu duk abin da ke cikin takardar nan, da tarkon, da usur, da ƙwai. Wanda zai daina amsa gaisuwata ya daina. In fasto ya ce in zauna, ba zan zauna ba, kin san ni. Daga nan zan gangara gaɓa a gaban idon kowa, ranar Lahadi, tsakar rana, in kwance kwale-kwale. Wancan karon a ɓoye na fita don tarko ashirin da huɗu. Wannan karon a fili zan fita don mutum bakwai, in kuwa saɓo ne, Ubangiji ya san inda zai same ni.

Ruwan teku zai gama cika da ƙarfe ɗaya, lokacin ne kaɗai ake wuce Haƙoran Kare lafiya. Zan zauna a kwale-kwale hannuna a kan zoben ƙarfen da ake ɗaure shi a jikin dutsen gaɓa. Muddin ruwa na taɓa zoben, ina jiran ki. In na ji ya fara barin sa, zan tafi ni kaɗai in lalubi abin da zan iya. Ba don in tsorata ki na faɗa ba, Peigi za ta ce dabarar tsoho ce, ki ce mata hanyar duwatsun a hannuna take ba a idona ba, zan dawo. Wurin ne ba zan samu ba sai da ke.

Ki zo da mayafin, naki ne, ke za ki san ko a ruwa za ki sa shi ko a akwatinki. Ba sai kin yi mini magana ba. Ki zauna a baya ki juya mini ƙeya in kin so, dama tudu za ki kalla. Ki ce dama, ki ce hagu, ki ce tsaya. Kalma uku kaɗai nake nema a bakinki. In mun dawo, jirgin Litinin na nan, ni da kaina zan ɗauki akwatinki har bakinsa in abin da kika zaɓa ke nan, ba zan ce uffan ba.

Na goge kujerar baya, na sa mata matashin nan mai furanni da kike cewa ya fi ƙarfin kwale-kwale. Shekara bakwai na bar ki kina kallon inda ba ya nan. Ki ara mini idonki na awa ɗaya, Marsaili, in kai ki inda yake.

Naki tun kafin nakiya, naki bayanta, naki ko kin zo ko ba ki zo ba, har ranar da za a ɗora dutse a kaina,

Tormod Gurgu.